Gaba nawa ake haƙawa kafin a tarar da man fetur?

Mai Burtsatse: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ni ne da tambaya, ko in ce ni ne da matsala. Sana'ata haƙar burtsatse, shekara 14 ke nan ina yi. Makon jiya muka yi wa wani Alhaji aiki a bayan gari nan Kano, muka samu ruwa a mita 48, muka sa kesin (bututun da ke tare bangon ramin), muka wanke. Da aka fara jan ruwa sai ga warin fetur, har da ɗan maiƙo yana yawo a saman bokiti. Tun ranar Alhaji bai runtsa ba, ni ma ya hana ni runtsawa. Ya sa an kewaye wurin da langa-langa, ya ce kada in gaya wa kowa (ga shi na gaya wa mutum ɗari huɗu), wai in ci gaba da haƙa, ko nawa ne zai biya, arziki ne Allah ya ajiye masa a filinsa. To don Allah masana, mita nawa ake haƙawa kafin a iske man? Injina dai iyakarsa mita 200, rodin da nake da su ma ba su kai hakan ba.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Malam turo mana adireshin filin tukuna, akwai maƙwabcinsa da zai sayar?

Sarkin Gardama: Ku yi ta dariya. Ni na daɗe ina faɗa, mai yana ko'ina a ƙarƙashin ƙasar nan, kogi ne guda yake gudana tun daga teku har Sahara. Na Kudu yana kusa-kusa ne, namu na Arewa ya yi ƙasa, kuma ba a son a kashe kuɗi a haƙo mana. Alhaji ya yi gaskiya, a ci gaba da haƙa.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mai Burtsatse, kafin komai: kada ku sha ruwan nan, kada a yi girki da shi. Zan dawo kan dalili.

Tambayarka kuwa ba ta da amsa guda, kamar a tambaye ka mita nawa ake samun ruwa. Kai da kanka ka san a wata unguwar mita 20 ya isa, a wata sai ka wuce 100 kana ta fitar da ƙura. Na yi shekara ashirin da wani abu a kan injinan haƙar mai a Neja Delta, ban taɓa ganin rijiya biyu da zurfinsu ya zo daidai ba.

Rijiyar da ake cewa da ita aka buɗe wannan sana'a a Amurka, wadda Edwin Drake ya haƙa a Titusville ta jihar Pennsylvania a 1859, mita 21 ce kacal. Wato taka ta Alhaji ta ninka ta sau biyu har da ɗori. Ta Saudiyya da ta canja musu rayuwa, Dammam mai lamba 7, a watan Maris na 1938 ta yi mai a wajen mita 1,440. Tamu ta farko, Oloibiri da ke jihar Bayelsa a yau, a 1956 aka samu, zurfinta ƙafa 12,008, wato mita 3,660. Ta Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe ƙafa 13,701, mita 4,176 ke nan. A jihar Ondo kuwa, wajen Agbabu, kwalta ce take tsattsafowa a sarari, ba sai an haƙa komai ba. To ka ga daga sifili har kilomita huɗu da ƙari duk amsa ce.

Sarkin Gardama, ka lura: ta Oloibiri da kake cewa "kusa-kusa" mita ɗari biyar da 'yan kai ne kawai tsakaninta da ta Kolmani.

Ɗan Baba Magini: Ina karanta wa Babanmu, shi tsohon maginin rijiya ne, da hannu ya yi tasa sana'ar, da diga da guga. Ya ce a faɗa masa da gaba, shi bai san mita ba. Ya ce mafi zurfin da ya taɓa ginawa gaba 24 ce, kuma da rana tsaka in ya ɗaga kai bakin rijiyar kamar faifai yake ganinsa.

Tsohon Injiniya: A gaishe da Baba, Allah ya ƙara lafiya, su ne iyayen wannan sana'a. Ka gaya masa in an ɗauki gaba ɗaya ƙafa shida, ta Drake ba ta cika gaba 12 ba, tasa ta ninka ta. Ta Oloibiri gaba dubu biyu ce cif. Ta Kolmani kusan dubu biyu da ɗari uku.

Ɗan Baba Magini: Ya yi salati. Ya ce shi duk zatonsa "rijiya gaba dubu" a bakin masu zance kawai take. Ya ce wane ne yake shiga ya kwaso ƙasar?

Ɗan Kwari: Baba ya yi tambayar da ni ma nake jin kunyar yi.

Malamar Jogarafi: Kafin Injiniya ya amsa wa Baba, ku bar ni in sa baki a kan dalilin da ya sa zurfin yake yawan faɗawa tsakanin kilomita biyu zuwa huɗu, don shi nake koya wa 'yan aji shida.

Mai dafa shi ake yi. Asalinsa ƙananan halittun ruwa ne da gansakuka, waɗanda ido ba ya ko gani, suna mutuwa suna kwantawa a gindin teku ko tafki tare da laka. Laka ta hau kan laka, rairayi ya hau, nauyi ya yi ta danne su suna yin ƙasa. Ita kuma ƙasa duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafinta yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Idan wannan laka mai maiƙo ta kai inda zafi ya kai wajen digiri 60, sai ta fara sakin mai. Haka za ta yi ta yi har wajen digiri 120 zuwa 150. In ta wuce nan, wuta ta yi yawa, man ya farfashe ya koma iskar gas. In ta ƙara yin ƙasa ma sai ya ƙone ƙurmus. Duk macen da ta taɓa soya man shanu ta san zancen: wuta kaɗan ba ya narkewa, wuta ta yi yawa ki tashi da baƙin ƙauri.

Ku lissafa da kanku, daga zafin saman ƙasa irin namu, digiri 60 zuwa 150 ɗin nan ai tsakanin kilomita ɗaya da ɗan ɗori ne zuwa huɗu da wani abu. Shi ya sa cewa "a yi ta haƙa, ƙasa-ƙasa ya fi yawa" ba daidai ba ne. Akwai zurfin da in ka wuce shi ka wuce man.

Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari ya ɗanɗana wannan zafin, ruwan nan digiri 31 yake dare da rana, ko da hunturu, don daga ƙasa yake ɗauko ɗuminsa.

Mai Burtsatse: Malama, to in a kilomita biyu ake dafa shi, ya aka yi Bature ya same shi a mita 21?

Malamar Jogarafi: Ai inda aka dafa tuwo ba nan ake cinsa ba. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, ka zuba man gyaɗa a ruwa ka gani. Da zarar ya fito daga lakar da ta haife shi sai ya kama hanyar sama, yana bin kofofin dutse. In bai gamu da abin da ya tare shi ba har sarari zai fito, mai sauƙin ya bi iska, kwalta ta rage, irin ta Ondo da Injiniya ya ambata. In ya gamu da murfi a hanya sai ya taru a nan. Murfin zai iya kasancewa a kilomita uku, zai iya kasancewa a mita 21.

Tsohon Injiniya: Malama ta gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Abu ɗaya zan ƙara, saboda kogin Sarkin Gardama. Babu kogi, babu tafki, babu wani kogo da mai yake kwance a ciki. A cikin dutse yake, dutsen rairayi ko na farar ƙasa, a 'yan kofofin da ke tsakanin ƙwayoyin, kamar yadda bulo yake shan ruwa. Na sha riƙe guntun da aka yanko daga ƙasa, ka gan shi dutse ne sosai, in ka jefi mutum da shi sai an je asibiti, amma ka sansana ka ji mai, ka ajiye a kan takarda ya bar tabo.

Don haka abu uku ake nema su haɗu: lakar da ta dahu, dutse mai kofofi da zai riƙe, da murfin yumɓu ko gishiri da ya lanƙwasa kamar ƙwarya a kife. Ɗaya ya ɓace, ka yi asarar kuɗinka ko da ka haƙa kilomita goma.

Yanzu ga abin da Alhaji ba zai so ji ba. Mai Burtsatse, in ka wuce jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse a nan Kano, me kake tararwa?

Mai Burtsatse: Dutse mai tauri, Yallaɓai. Fari-fari da baƙi-baƙi, garinsa kamar na tsakuwar kwari. Nan ne hama take shan wahala, dizal ya yi ta tafiya.

Tsohon Injiniya: To shi ke nan, ka kai gindin tukunya. Wannan dutsen wuta ce ta haife shi, narkakke ne ya daskare tun kafin a yi halittun da za su zama mai. Babu laka a ƙarƙashinsa. Yawancin Kano, Kaduna, kudancin Katsina, Zamfara, Filato da Abuja duk a kansa suke zaune. Zinariya da kuza a irinsa ake nema, mai kuwa a'a. Inda ake sa rai su ne manyan kwaruruka da laka ta cike: Neja Delta, inda kaurinta ya kai wajen kilomita 12, sai kwarin Binuwai har zuwa Gongola, yankin Tafkin Chadi, Bida, Anambra da Sakkwato.

Sarkin Gardama: Injiniya da girmanka, amma wannan karatun Turawa ne da aka shirya don a kashe mana gwiwa. Teku a Arewa? Yaushe? Kuma Nijar da Chadi da suke maƙwabtanmu suna haƙo mai, su tekun ne da su?

Malamar Jogarafi: Teku ta taɓa ratsa Sahara, Malam, kuma ta bar shaida. Ka je inda ake fasa farar ƙasa a Ashaka ta jihar Gombe, za ka ga dodon koɗin teku ya zama dutse, wani ya kai faranti. A Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da har sunan Goronyo aka sa mata, Goronyosaurus. Simintin Sakkwato da na Ashaka duk daga abin da tekun nan ta bari ake yin su. Wannan shaidar ai taimakon hujjarka take yi, ba kashe ta ba. Kawai dai tekun ba ta bar wa Kano komai ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Tunda an ambace mu. Man Nijar ba a Damagaram yake ba, ba a Maraɗi ba, mu ma nan birni dutse ne ko'ina, wanda ya zo ya gani, ruwan sha ma wahala yake mana saboda shi. Man yana Agadem, can cikin hamada a jihar Diffa. Tun shekarun 1970 kamfanoni suke zuwa suna haƙa suna tafiya, sai a 2011 'yan Shinuwa na CNPC suka fara fitarwa. Bututu mai fiye da kilomita 460 yake kawo shi matatar SORAZ kusa da nan, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Daga baya aka ja wani na kusan kilomita 2,000 har bakin teku a Benin. Kun ga mu ma da muke da shi, a kusurwa ɗaya Allah ya ajiye shi, kuma kusan shekara arba'in aka yi kafin mu ga litar isansi ɗaya, wato fetur.

Tsohon Injiniya: Madalla da Ɗan Damagaram. Kwarin Termit da Agadem yake ciki, da na Doba a kudancin Chadi da ya fara fitarwa a 2003 ta bututun Kribi a Kamaru, da namu na Binuwai da Gongola, duk 'yan gida ɗaya ne, tsagewar ƙasa guda ce ta haife su lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka. Shi ya sa ba hauka ba ne a nema a Borno da Bauchi. Amma 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ma ba rabonsu ɗaya ba. A ɓangarenmu na Tafkin Chadi NNPC ta haƙa rijiya 23, alamar gas kawai aka gani a biyu, Wadi da Kinasar. Ba a ce ba a nema ba. Har rayuka an rasa, ku tuna harin da aka kai wa masu binciken mai tare da malaman Jami'ar Maiduguri a yankin Magumeri a watan Yulin 2017. Allah ya jiƙansu.

Ɗan Kwari: Amin ya Allah.

Ɗan Alkaleri: Amin. Ni daga inda ake maganar nake. Da idona na ga injin Kolmani, hasumiya ce ta ƙarfe, da dare fitilunta kamar gari. A Fabrairun 2019 Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar, a Oktoban shekarar aka ce an samu, a Nuwamban 2022 ya sake dawowa aka yi biki, aka ce ganga fiye da biliyan ɗaya da gas mai yawa, za a yi matata da kamfanin taki da tashar lantarki. Mu dai har yau a gidan mai muke saye kamar kowa. Ni ba zurfin ne ya dame ni ba, Injiniya. Rijiya ta ba da ruwa, ina gugan?

Tsohon Injiniya: Tambayarka a kan hanya take, ƙanena, kuma 'yan siyasa ne ya kamata su amsa rabinta. Rabin da ya shafe ni shi ne: samun mai daban, fitar da shi daban. Rijiya ɗaya tana gaya maka akwai, ba ta gaya maka nawa ne ba, sai an ƙara wasu a gefe an auna faɗin wurin. Filin Bonga da ke cikin teku a tsakiyar shekarun 1990 aka gano shi, sai 2005 ya fara ba da ganga ta farko, kuma wannan kamfani ne mai kuɗi a hannu.

Amma a kan Kolmani zan ba Sarkin Gardama gaskiyarsa guda, kada ya ce na ƙware shi. A 1999 Shell ta haƙa Kolmani ta farko zuwa wajen mita 3,000, ta ga gas kaɗan, ta tattara. Elf da Chevron suka haƙa nasu biyu a yankin, Kuzari da Nasara, ko mita 2,000 ba su kai ba, suka ce busassu ne. Shekara ashirin bayan haka aka dawo kusa da wurin aka wuce mita 4,000, sai ga shi. To a nan kam zurfi ya yi aiki. Haka ma Dammam: rijiyoyi shida na farko ba su biya buƙata ba, ta bakwai da aka ƙi tsayawa aka nutsa ƙasa da su ita ta buɗe ƙofa.

Sarkin Gardama: Allahu Akbar! To ai maganata ke nan tun farko. A ci gaba da haƙa!

Tsohon Injiniya: A'a, ranka ya daɗe, kada ka ɗauki kyautar taku ɗaya ka ce an ba ka gonar. A Kolmani laka ce har ƙasa, akwai abin da za a wuce a tarar. A filin Alhaji an riga an kai gindin tukunya a mita hamsin. Wanda ya ƙara zura hannu a tulun da ke da ruwa daban yake da mai ƙwaƙular daɓe.

Ɗalibi Daga Samaru: Yallaɓai ina da tambaya. Na karanta cewa rijiya mafi zurfi a duniya tana Rasha, mita 12,262, wani wuri kuma na ga an ce ta Abu Dhabi mita 15,240. Wanne ne daidai? Kuma mai nawa suka samu a ta Rashar?

Tsohon Injiniya: Duka biyun daidai ne, abin da ake aunawa ne ya bambanta. Ta Rasha, Kola, a tsaye take zuwa ƙasa, an fara ta a 1970 aka kai wannan zurfin a 1989. Ba mai suke nema ba, ilimi suke nema, kuma a cikin irin dutsenku na Kano suka haƙa ta. Ga amsar Alhaji ma a nan: kilomita 12 a irin wannan dutse, babu rijiyar mai. Zafin da suka tarar, digiri 180, shi ya gagare su ci gaba. Faɗinta kuwa santimita 23 ne kacal.

Ta Abu Dhabi tsawo ne ba zurfi ba. Yanzu ana iya sauka kilomita biyu ko uku sai a lanƙwasa bututun ya yi ta tafiya a kwance cikin dutsen da man yake. A tsibirin Sakhalin na Rasha injin yana kan tudu, bakin rijiyar yana can ƙarƙashin teku da nisan kilomitoci. In maganar masu neman mai a tsaye ake, akwai Tiber a Tekun Meziko, mita 10,683 a 2009, sai wadda Sinawa suka kammala a hamadar Taklimakan a 2025, mita 10,910. Waɗannan su ne gwanayen gwanaye, ba su ne gama-gari ba. Kuma duk da haka, daga nan zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Ko ɓawon albasa ba mu huda ba.

Ɗan Baba Magini: Yallaɓai, Baba ya ce har yanzu ba a amsa masa ba. Wa yake kwaso ƙasar?

Tsohon Injiniya: Tuba nake, Baba. Laka ce take kwasowa. Mai Burtsatse ya san wannan, don su ma in suna haƙa a rairayi suna dama tasu. Bututun haƙar kowane ɗaya wajen ƙafa 30 ne, ana ɗaura wani a kan wani, a rijiya irin ta Kolmani ka lissafa fiye da guda 450. Ana tura damammiyar laka ta cikinsa, ta fita ta bakin haƙorin da ke cin dutsen, ta dawo sama ta gefe ɗauke da garin. A sama a tace ta a sake turawa. Akwai mutumin da aikinsa kawai ya zauna yana duba garin nan da madubi dare da rana, shi yake fara sanin an shiga dutsen mai.

In haƙorin ya dakushe fa? Sai an zaro bututun nan kaf, a kwance su, a canja, a sake mayarwa. Yini guda cur yana iya tafiya a haka ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Ana sauka ana zura bututun ƙarfe ana ɗura siminti a bayansa, kamar yadda Baba yake ɗaure bakin rijiya kada ta rufta, sai dai kowane sabon bututu ya fi na samansa siranta. Rijiyar da ta fara da faɗin ganga sai ta ƙare da faɗin kwanon sha.

Babban aikin lakar kuwa danniya ne. A kilomita huɗu ƙarfin da ke tura ruwa da gas ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 150. Nauyin lakar ne kawai yake riƙe shi, shi ya sa ake zuba mata garin wani dutse mai nauyi, barayit, irin wanda ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa. In laka ta yi sauƙi, rijiya ta yi amai. Na taɓa ganin farkon haka sau ɗaya, da asuba, laka ta fara dawowa fiye da wadda muke turawa. Aka rufe bawul ɗin da ke bakin rijiyar cikin daƙiƙoƙi, amma na ga ƙato mai gemu gwiwarsa tana rawa, nawa ma ba su tsaya ba. Wanda ba a tare ba shi ne irin na Afrilun 2010 a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Injin da ya ƙone ɗin nan, Deepwater Horizon, shi ne ya haƙa Tiber watanni kaɗan kafin nan.

Ɗan Baba Magini: Baba ya ce to su ma iskar rijiya suke tsoro, sai su zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai shiga. Ya ce ashe tsoron ɗaya ne, naku dai ya fi kuɗi.

Anti Nas: Kun yi ta kilomita kun manta da abin da Injiniya ya fara faɗa. Mai Burtsatse, akwai yara a gidan? A hana su ruwan nan yau ɗin nan. Fetur yana da sinadarin benzin, shansa a hankali a hankali yana taɓa jini, kuma tafasawa ba ta isa a dogara da ita ba. Ko wanka ban yarda ba. A kai kwalba ɗaya a gwada.

Tsohon Injiniya: Na gode Anti, ga dalilin da na yi alkawari. Ka ce warin fetur ka ji. Ɗanyen mai ba warin fetur yake ba, kuma ba ya fitowa garau haka. Namu na Neja Delta ruwan kasa ne zuwa baƙi, sai ya shiga matata ake raba fetur da kalanzir da dizal. Ƙasa ba ta da matata. In ka ji fetur tsantsa a mita 48, daga sama ya gangaro. Ka zaga unguwar, ka duba gidan mai, sabo ko tsoho, ko garejin tankoki, ko inda 'yan bumburutu suke binne jarkoki. Tankin da aka binne in ya yi tsatsa shekaru yake yi yana yoyo ba wanda ya sani.

Sarkin Gardama: Ni dai ban gamsu duka ba. Amma a daina shan ruwan, wannan na yarda.

Ɗan Kwari: A rubuta ranar nan, Sarkin Gardama ya yarda da rabin magana.

Mai Burtsatse: Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na zaga kamar yadda Yallaɓai ya ce. Bayan katangar Alhaji, ko taku sittin ba a yi ba, akwai wani wurin wankin mota. Mai gadin ya ce da gidan mai ne, an cire famfunan an bar tankunan a ƙasa, har murfin ɗaya ya nuna mini, na ɗaga na sansana, warin bokitinmu ne sak. Mun cire famfon burtsatsen, Anti, kuma an kai ruwan gwaji.

Na karanta wa Alhaji bayanin nan tun daga Drake har Kola. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce wannan Injiniyan naku a wane kamfani yake, kada dai so yake ya zo ya saye filin da araha.

Tsohon Injiniya: Ka gaya masa na yi ritaya, kaji nake kiwo a Zariya.

Mai Burtsatse: Na gaya masa. Ya ce duk da haka in ƙara masa rodi goma, ya ga abin da Allah zai yi. Cikon kuɗina na aikin farko kuwa wai sai mai ya fito.